Alamtarwa a Mabuɗin Ƙagaggen Labari: Waiwaye daga Kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin nufi shi ne, baƙo yakan yanke hukunci a kan masaukinsa tun daga irin fuskar da aka tarbe shi da ita, kafin a kai ga kawo masa ruwa. Mai karanta ƙagaggen labari shi ma baƙo ne a gidan marubuci, kuma fuskar da ake tarbarsa da ita ita ce sunan littafi da shafinsa na farko. A wannan ɗan taƙi ne yake ƙudurta wanda zai so da wanda zai ƙi, da wurin da zai sake jiki da wurin da zai yi ɗari-ɗari. Sau da yawa kuwa marubuci bai fito fili ya gaya masa haka ba, wata alama kawai ya ajiye masa a bakin ƙofa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda marubutan zube na Hausa suke amfani da alamtarwa a mabuɗin labaransu, da kuma nauyin da wannan dabara take ɗora musu. Za mu fara da littattafan da kowane ɗalibin Hausa ya sani, sa'an nan mu auna abin da muka gano da wani yanki na zahiri, watau ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, a nan ne daji da ruwa da ƙauye, waɗanda marubuta suka fi ara don yin alama, suke a matsayin wuraren da mutane suke kwana suke tashi a cikinsu. Ra'ayin da za a kare shi ne, alamar da aka gada ta zo da hukuncinta a kammale, kuma marubucin da ya ɗauke ta ba tare da ya auna ta da rayuwar mutanen labarinsa ba yakan yi musu shari'a tun kafin su buɗe baki.

2.0 Ma'anar alamtarwa da matsayin mabuɗi

Abdulƙadir Ɗangambo, a tsarin da ya shimfiɗa na feɗe waƙa, ya sanya alamtarwa a cikin adon harshe tare da kamantawa da siffantawa da jinsintarwa. Ko da yake don waƙa aka yi tsarin, ya dace da zube, in dai an lura da wani bambanci. Idan marubuci ya ce zuciyar wane kamar dutse take, ya yi kamantawa. Idan ya ce wane dutse ne, ya yi siffantawa. Amma idan ya ajiye dutse a ƙofar gari a farkon labari, ya bar shi a matsayinsa na dutse, dattawa suna zama a kansa da yamma, awaki suna hawa, sa'an nan a hankali mai karatu ya fahimci cewa dutsen nan yana tsaye ne a madadin taurin kan shugabannin garin, to ya yi alamtarwa. Ke nan alama a cikin zube aiki biyu take yi a lokaci guda: tana zaman kanta a cikin duniyar labari, tana kuma nuni ga wani abu da ya fi ta faɗi.

Me ya sa alamar da ta zo a mabuɗi ta fi sauran ƙarfi? Dalili shi ne, a shafi na farko mai karatu ba shi da abin da zai gwada ta da shi. Ita ce mudun da aka fara yi masa awo da shi, saboda haka da ita zai ci gaba da auna duk abin da ya biyo baya. Bugu da ƙari, Bahaushe ya sami horo a kan wannan tun yana yaro a dandalin tatsuniya. Da zarar an ambaci Gizo ya san za a yi wayo, da an ambaci Kura ya san za a yi haɗama da wauta, da an ce 'yar bora ya san inda tausayinsa zai karkata. Ba a buƙatar wani bayani, sunan kaɗai ya wadatar. Wannan horo shi ne jarin da marubucin zube ya tarar a hannun masu karatunsa, kuma tun daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, marubuta suke cin gajiyarsa.

3.0 Yadda magabata suka buɗe labaransu

3.1 Sunan littafi

Bari mu fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Sunan ba Imam ne ya ƙirƙire shi ba, akwai shi a cikin tatsuniyar nan ta 'yar bora da 'yar mowa, inda Ruwan Bagaja yake wuri mai nisa da wuyar zuwa, wanda hanyarsa take fallasa halin mai bin ta. Saboda haka wanda ya ɗauki littafin ya riga ya san za a yi tafiya mai tsawo don neman abu mai wuyar samu. Amma da ya buɗe shafi na farko, sai ya ci karo da Koje Sarkin Labari, mutum mai ɗan taɓi wanda ba shi da aiki sai farautar labarai. A nan Imam ya ajiye alamu biyu masu jan juna: sunan littafi yana alkawarin jarrabawa, mutumin farko kuwa yana alkawarin raha. Littafin ya cika alkawuran biyu, domin Alhaji Imam ya samo ruwan, amma mafi yawan hanyar a kan ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ta ƙare. Gwanintar ita ce, babu ɗaya daga cikin alamun da ta danne ɗaya.

Akwai kuma al'adar sanya wa littafi karin magana. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare na 1982, da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu na 1990, duk misalai ne. Karin magana kuwa hukunci ne da jama'a suka riga suka amince da shi. Amfanin wannan dabara a bayyane yake: tana kawar da hankalin mai karatu daga tambayar me zai faru, ta mai da shi kan yaya zai faru. Wanda ya ga sunan Jiki Magayi ya san wani zai ɗanɗana kuɗarsa, abin da ya rage masa shi ne ya ga ta wace hanya zaluncin da aka yi wa Abubakar a kan Zainab zai komo wa Malam Shehu ta hannun ɗansa Kyauta. Illarta kuwa ita ce, tauraro yakan shigo labari da tambarin laifi a goshinsa.

3.2 Siffar tauraro

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi wata hanya dabam. An buɗe shi da dattijon malami zaune a Rauta, kusa da Bauchi, a tsakiyar almajiransa, cikin natsuwa da kwarjini, kafin ya fara ba su tarihin rayuwarsa tun daga Kagara. Wannan hoto na malami a zaure alama ce ta haƙuri da kyakkyawan ƙarshe. Tasirinsa kuwa babba ne. Duk abin da ya biyo baya, da sharrin da fadawa suka ƙulla wa Makau, da sace yaron, da ƙetare sahara, da wahalar da mahaifiyarsa ta sha a hannun masu cinikin bayi har ta rasu, mai karatu yana kallonsu ne ta cikin wannan natsuwa ta farko. Ya san yaron zai tsira, ya san zai zama Shaihu. Za a iya cewa wannan ne ya ba littafin sanyinsa da ake yabo. Haka kuma za a iya cewa shi ne ya rage wa bautar zafi a zuciyar mai karatu, domin da a ce an buɗe labarin da uwar tana yawon neman ɗanta, da wani littafi muka karanta dabam, ko da kuwa ba a sauya komai a cikin zubinsa ba.

3.3 Wuri

Hanya ta uku ita ce buɗewa da wuri, kuma ita ce ta fi shafar batunmu. Sunan Kitsen Rogo ya samo asali ne daga maganar nan ta ganin kitse ake yi wa rogo, domin rogo in an ɓare shi fari ne tas kamar kitse, sai an ɗanɗana ake gane bambanci. Birni ne rogon a cikin littafin, saurayin da ya baro ƙauye kuwa shi ne mai ganin kitse. Littafin ya fito a zamanin kuɗin man fetur, lokacin da samari suke ta kwarara birane, gwamnatin soja kuma ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976 don mai da hankalin jama'a ga noma. Saboda haka alamar ta dace da zamaninta, ta kuma isar da gargaɗinta. Amma sai mu lura da abin da ta bari a waje. Saurayin Doguwa da ya gama girbin masara ya tafi cin rani Kano, ba ruɗi ne ya ɗauke shi ba, lissafi ya yi: watanni da dama babu aikin gona, ga aure a gaba, ga takin bana da za a saya. Alamar rogo ba ta da gurbin da za ta ajiye irin wannan mutum.

Shi kuwa Ƙarshen Alewa Ƙasa, an fara shi ne a ƙauyen Maguzawa, cikin tsafi da al'adun gargajiya, kafin Mailoma ya fita duniya ya zama uban 'yan ta'adda. Littafin ya danganta ɓarnar da yanayin da ƙasa ta shiga bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, amma na sha jin ɗalibai a aji suna ɗora muguntar Mailoma a kan asalinsa. Ba marubucin ne ya faɗi haka ba, mabuɗin ne ya haɗu da abin da suka zo da shi a zukatansu. Kudancin Kano kuwa yana daga cikin wuraren da Maguzawa suke zaune har yau, suna noma suna cin kasuwa ɗaya da maƙwabtansu Musulmi.

4.0 Daji a takarda da daji a ƙasa

A tunanin Bahaushe akwai gida, akwai daji. Gida shi ne wurin mutane da doka da addini, daji kuwa mazaunin iskoki ne da namun dawa da 'yan fashi. Tauraron tatsuniya yakan shiga daji ne don a jarraba shi, kuma daga nan wannan alama ta shigo zube. Da wuya a karanta littafin jarunta na Hausa ba a tarar da ƙungurmin daji mai duhu ba, wanda ake ambata don kawai gaban mai karatu ya faɗi.

To, a kudancin Kano dajin yana da suna, shi ne Falgore, wanda ya shafi ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma hanyar da ta nufi Saminaka da Jos ta ratsa ta cikinsa. Ba za a ce tsoronsa ba shi da tushe ba. A kashi na biyu na ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne, inda Ningawa suke kawo hari, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. A shekarun 2010 kuma dajin ya yi ƙaurin suna a matsayin maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya. Amma wannan ɓangare ɗaya ne na tarihinsa. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi a matsayin gandun daji, kuma mutanen da suke zaune a gefensa sun san shi ta fuskar kiwo da zuma da itace da saiwoyin magani. Kogin Kano ta cikinsa ya biyo kafin ya zuba a madatsar Tiga, daga nan ruwan ya wuce ya shayar da shinkafar Kadawa, ya kuma ba birnin Kano wani kaso na ruwan shansa. Ashe ke nan ɗan birnin da yake karanta daji a matsayin gidan sharri, da ruwan da ya ratso dajin yake alwala.

Abin da ya fara jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne a lokacin da na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare a wannan yanki. Malamin ya ba 'yan aji aikin ƙago gajeren labari, na karɓi takardun ina dubawa. Mafi yawansu da daji suka fara, kuma dajin iri ɗaya ne: duhu, kukan mujiya, aljani a kan tsamiya, ɓarayi a bayan dutse. Na kira wani yaro wanda rubutunsa ya fi na saura tsari, na tambaye shi ko ya taɓa shiga daji. Ya yi dariya, ya ce ai gidansu a bakin dajin yake, mahaifinsa yana da amya a can, tare suke zuwa ɗibar zuma. Na ce, to me ya sa babu zuma a cikin labarinka? Sai ya ce, “Malam, ai ba haka ake fara labari ba.”

Wannan amsa ta isa abin nazari. Yaron ya san daji biyu, na mahaifinsa da na littafi, kuma ya riga ya yarda cewa na littafi ne kaɗai ya cancanci shiga takarda. Alamar da aka gada ta rinjayi abin da idonsa ya gani. Irin wannan ƙorafi ne Chinua Achebe ya yi a laccar da ya gabatar a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1975, inda ya soki littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness da cewa ya mai da Afirka da mutanenta dandamalin da Bature zai hau ya nuna damuwar ransa. Mun yaba wa Achebe ƙwarai a kan wannan suka. Ya kamata kuma mu tambayi kanmu ko marubucin da ke zaune a birnin Kano ba ya yi wa mutumin Doguwa kwatankwacin abin da muke tuhumar Conrad da shi, duk lokacin da ya ari dajinsa don tsoratarwa, ko ya ari ƙauyensa don nuna gidadanci.

5.0 Alamar da ta tsiro daga wurinta

Kada a fahimci cewa ana kira ne ga marubuta su bar alamtarwa, ko su daina ambaton daji. Labarin da babu alama a cikinsa rahoto ne. Abin da ake nema shi ne a sami alamar daga rayuwar mutanen da ake ba da labarinsu. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya buɗe littafinsa The River Between na 1965 da tuddai biyu, Kameno da Makuyu, suna fuskantar juna, kogin Honia yana gudana a tsakaninsu. Kafin a ambaci rikicin masu bin addinin Kirista da masu riƙe da gargajiya, mai karatu ya riga ya gan shi a shimfiɗar ƙasa, kuma kogin da ya raba su shi ne dai wanda dukansu suke sha. Haka nan Ɗayyib Salih na Sudan, a littafinsa na Larabci na 1966 a kan hijira zuwa arewa, ya sa mai ba da labari ya komo ƙauyensu a bakin Nilu bayan shekaru a Turai, ya dubi bishiyar dabinon da ke tsakar gidansu ya ji hankalinsa ya kwanta. Sauran littafin kuwa jijjiga wannan kwanciyar hankali yake yi. A misalan biyu, alamar ta gida ce, kuma labari ya sami damar juya ta.

Kudancin Kano cike yake da irin waɗannan abubuwa, suna jiran mai ɗauka. Ɗauki madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. A alamar gado, ruwa rahama ne da albarka, kuma ga manomin rani haka yake. Amma kafin ruwan ya taru sai da aka tashi ƙauyuka, gonaki da maƙabartu suka nutse. A ce marubuci ya buɗe labarinsa da wani tsohon masunci a cikin kwalekwale da jikansa, a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya ja baya, ya nuna wa yaron kan wani busasshen itace da ya leƙo, ya ce masa a gindinsa aka yi masa kaciya, sa'an nan ya juya ya ci gaba da jan komarsa domin kasuwa na jira. Mai karatu ba zai iya cewa ruwan nan alheri ne ko sharri ba. Dole ya ci gaba da karatu da tambaya a ransa, kuma wannan tambaya ita ce za ta riƙe shi har marufi.

Haka abin yake ga Riruwai a ƙasar Doguwa, inda aka san narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa, aka kuma yi haƙa mai yawa a zamaninsu da bayansu, kafin aikin ya durƙushe a shekarun 1980. Ramin haƙa da ruwan sama ya cika, yara suna wanka a ciki, yana iya ɗaukar labarin arzikin da aka kwashe aka bar wa masu ƙasa gurbinsa, ba tare da marubuci ya yi wa'azi ko na layi ɗaya ba. A Bebeji kuma, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877 cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, akwai huhun goro. Kaya ne da ba a ɗaurewa a manta da shi, sai an riƙa kwancewa a hanya ana tsince wanda ya lalace ana yayyafa ruwa, in ba haka ba ƙwaya ɗaya ta ɓata saura. Wanda yake son rubuta labarin amana tsakanin uban gida da yaronsa, ko na tarbiyyar 'ya'ya, da wuya ya sami abin buɗewa da ya fi wannan. Ko mararraba irin ta Kwanar Ɗangora a ƙasar Ƙiru, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, wadda a alamar gado take nufin zaɓi, tana iya sauya ma'ana idan aka dube ta da idon yarinya mai talla, wadda kullum motoci suke wucewa ta gabanta zuwa ko'ina, ita kuwa ba ta taɓa shiga ko ɗaya ba.

Daga waɗannan misalai za mu iya fitar da sharuɗɗa uku da za a auna alamar mabuɗi da su:

(a) Ta iya tsayawa da ƙafarta a cikin labari, watau ko da mai karatu bai gano ma'anarta ta biyu ba, ya ga dalilin kasancewarta a wurin.

(b) Ta kasance abin da mutanen labarin suka sani, suke taɓawa, suke da ra'ayi a kansa. Idan marubuci da mai karatu ne kaɗai suka san ma'anarta, to da taurarin ake yi, ba tare da su ba.

(c) Ta kasance mai karɓar juyi, yadda in an komo mata bayan an gama littafi za a tarar ma'anarta ta ƙaru ko ta sauya.

Idan muka auna littattafan da muka duba da waɗannan sharuɗɗa, za mu ga Ruwan Bagaja ya cika na farko da na biyu sarai, domin ruwan magani ne na gaske a cikin labarin kuma kowa a ciki ya san darajarsa. Littattafan da aka sanya wa karin magana kuwa sukan sha wuya a sharaɗi na uku, saboda karin magana ba ya karɓar ɗaukaka ƙara.

6.0 Abin da ya shafi malamai

Wani kaso na laifin yana wuyanmu mu masu koyarwa. An saba ba ɗalibai jerin alamu su haddace saboda jarrabawa: fari alheri, baƙi sharri, daji haɗari, ruwa rahama, haske ilmi. Harshen Hausa kansa bai yarda da wannan jeri ba. Matar da aka ce tana da farar ƙafa ba yabonta aka yi ba. Manomin Tudun Wada kuma ba abin da yake faranta masa rai a farkon damina kamar ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin, haka nan baƙar ƙasa ta fadama ita ce wadda yake so ya shuka shinkafa a cikinta. Ma'anar alama tana rataye ne ga mai kallonta da halin da yake ciki, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ɗalibi ya koya.

Akwai wata hanya mai sauƙi da na jarraba a aji na ga amfaninta. A ba ɗalibai sunan littafi da shafinsa na farko kawai, a ce kowa ya rubuta wanda yake zaton shi ne na kirki, da wanda yake zargi, da yadda yake jin labarin zai ƙare, tare da kalmar ko hoton da ya sa shi wannan zato. A karɓe takardun a ajiye. Bayan an gama karanta littafin sai a mayar musu, a tattauna inda marubuci ya tabbatar da zatonsu da inda ya kunyata shi. Ta haka ɗalibi yakan ga da idonsa cewa an sarrafa tunaninsa tun daga farko, ya kuma gane da wane makami aka sarrafa shi. A darasin ƙaga labari kuwa, a hana shi fara rubutu da abin da bai taɓa gani ba, har sai ya gwada farawa da wani abu na gidansu ko na sana'ar mahaifinsa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa alamar da aka ajiye a mabuɗin ƙagaggen labari ita take tsara yadda mai karatu zai kalli duk abin da ya biyo baya, kuma marubutan Hausa tun daga 1934 sun san haka, sun yi amfani da shi ta hanyar sunan littafi da siffar tauraro da wuri. Ta kuma nuna cewa alamun da muka gada daga tatsuniya da karin magana, duk da sauƙin fahimtarsu, suna tafe da hukuncin da yakan faɗa a kan wurare da mutane na zahiri, kamar yadda muka gani game da dajin Falgore da mazauna kewayensa. Ba a taɓo littattafan soyayya na Kano da suka yawaita tun daga tsakiyar shekarun 1980 ba, waɗanda hoton bangonsu kaɗai ya isa nazari mai zaman kansa, haka nan labaran da ake rubutawa a intanet. Muna fata ɗalibanmu masu neman manyan digirori za su ɗauki wannan aiki, musamman waɗanda suka fito daga yankunan da aka daɗe ana aron dazuzzukansu da ƙauyukansu ana buɗe labari da su.